Yadda Za Ka Ziyarci Tsofaffin Garuruwan Kan Ruwa Na China Bayan Ka Gama Sari

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Yiwu ko Guangzhou sari, abin da suka sani na China bai wuce kasuwa, masauki, wurin kago da filin jirgi ba. Alhali sau da yawa akwai kwana biyu ko uku da mutum yake zaman jiran masana'anta ta gama haɗa masa kaya, yana kwance a ɗaki yana latsa waya. Waɗannan kwanakin sun isa ka je ka ga garuruwan da aka gina a kan ruwa a yankin Jiangnan, wato kudancin kogin Yangtze, tsakanin Shanghai, Suzhou da Hangzhou. Na sha bin wannan hanya, ni kaɗai da kuma tare da abokan tafiya, kuma tsarin da zan ba ka shi ne wanda na ga ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa zuwa ba: Wuzhen, sannan Suzhou, sannan Tongli, ka fita ta Shanghai.

Abu guda da ya kamata ka sani tun farko, domin shi zai sa ka gane duk abin da za ka gani: a waɗannan garuruwa ruwa shi ne titi. Babbar hanyar ruwan da aka haƙa daga Hangzhou zuwa Beijing, mai tsawon kusan kilomita 1,800, wadda sarakunan daular Sui suka haɗe sassanta a farkon ƙarni na 7, ita ta riƙa ɗaukar shinkafa da siliki zuwa arewa. Ƙananan garuruwan nan kasuwanni ne da suka tsiro a kan rassanta. Saboda haka gida yana da fuska biyu, ɗaya ga lungu, ɗaya ga ruwa, kuma ta ruwan ce ta kasuwanci.

Abin da za ka tanada

- Fasfo ɗinka na asali. Shi ne tikitin jirgin ƙasa, da shi ake karɓar ka a masauki, kuma a wurare da yawa da shi za ka shiga. Hoton fasfo a waya ba ya wadatarwa. Ka duba kwanakin da suka rage maka a biza kafin ka tsara komai.
- Manhajar biyan kuɗi ta waya, Alipay ko WeChat Pay, da ke aiki. Tun 2023 suna karɓar katin banki na ƙasashen waje, amma ka gwada sayen ruwan sha da shi tun kana Yiwu. Idan katinka ya ƙi, ka nemi wakilinka na kasuwa ya taimaka maka, kuma ka riƙe tsabar kuɗi, 'yan yuan 10 da 20 da 50, domin masu ƙananan shaguna ba kasafai suke da canjin ɗari ba.
- Manhajar taswira ta Amap ko Baidu. Ta Google ba ta da amfani sosai a can. Sai manhajar fassara wadda take karanta rubutu ta kyamara.
- Manhajar 12306 ta jiragen ƙasa, ko Trip.com idan waccan ta ba ka wahala.
- Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa wanda ba ya santsi. Duwatsun da aka daɓe lungunan sun goge saboda tsufa, in ruwa ya taɓa su sai a hankali. Silifas ko takalmin fata mai sulɓi ka bar su a jaka.
- Ƙaramar laima, ƙaramar jakar goyo, da batirin cajin waya na tafi-da-gidanka. Idan za ka hau jirgin sama na cikin gida, tun tsakiyar 2025 ba a yarda da wanda ba shi da tambarin CCC a jikinsa.
- Sallaya mai naɗewa, ƙaramar buta ko gora, da tishu. Banɗakunan jama'a suna da tsabta a wuraren yawon buɗe ido, amma ba a ajiye ruwan tsarki.
- Guzuri: dabino, gyaɗa, biskit ɗin da ka aminta da shi. Za ka ga dalili a mataki na 8.

Babbar akwati ka bar ta a masaukinka na Yiwu ko wurin wakilinka. Gadojin garuruwan nan matakala ne hawa da sauka, mai jan akwati kuwa kafin ya tsallake uku ya fara tsine wa tafiyar.

1. Zaɓi rana

Ka je tsakanin Litinin da Alhamis. Asabar da Lahadi mutanen Shanghai da Hangzhou ne suke kwararowa. Akwai lokuta uku da ko kyauta aka ce ka je kada ka je: hutun farkon Mayu, makon farko na Oktoba, da hutun sabuwar shekararsu da ke faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. A waɗannan ranakun gada guda sai ka yi layi kafin ka haye.

Afrilu da ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba sun fi daɗin yanayi. Daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli ruwa ne kusan kullum, Yuli da Agusta kuma zafi ne mai gumi wanda ba iska. Sanyin Disamba da Janairu mai ratsa ƙashi ne saboda laima, sai dai garin yakan zama naka kai kaɗai. Yayyafi kuwa kada ya hana ka fita. Farin bango da baƙin rufi sun fi fitowa a ƙarƙashin hadari.

2. Zaɓi gari, kada ka yi haɗama

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne biyan motar da za ta zagaya da su garuruwa uku a yini ɗaya. Za a sauke ka da rana tsaka lokacin da cunkoso ya kai maƙura, a ba ka awa biyu, a ƙarasa da kai shagon da direba yake da kamasho. Da yamma ba za ka iya bambance wannan gari da wancan a hotunanka ba. Gari ɗaya da ka kwana a cikinsa ya fi uku da ka leƙa.

Wuzhen yana lardin Zhejiang, lardi ɗaya da Yiwu. An gyara shi tsaf, kamfani guda ke tafiyar da shi, kuma shi ya fi sauƙi ga baƙo. Wasu suna kushe shi cewa ya yi kama da wurin shirya fim, kuma akwai gaskiya a ciki, musamman ɓangaren yamma da aka tashi mazaunansa. Amma nan ne za ka ga sana'o'in hannu a wuri ɗaya. Tongli yana kusa da Suzhou, har yanzu mutane suna zaune a ciki suna shanya kayansu a bakin ruwa. Zhouzhuang shi ya fi suna, shi ya fi cika. Nanxun garin attajiran siliki ne, ya fi sauran natsuwa, kuma a gidan Zhang Shiming za ka ga gilasai masu launi da aka yo oda daga Faransa a cikin ginin gargajiya. Idan rabin yini kaɗai gare ka kuma kana Shanghai, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 17 zuwa Zhujiajiao, ka ga gadar Fangsheng mai baka biyar da aka fara ginawa a 1571, ka dawo kafin dare.

3. Sayi tikitin jirgi da masauki

Daga Yiwu zuwa tashar Hangzhou ta Gabas bai kai awa guda ba a jirgi mai gudu, daga nan zuwa Tongxiang kamar minti ashirin. Akwai jiragen da ke wucewa kai tsaye su tsaya a Tongxiang, ka fara neman su. Daga tashar Tongxiang akwai bas da tasi zuwa Wuzhen. Wanda yake Guangzhou ya fi masa sauƙi ya hau jirgin sama zuwa Hangzhou ko Shanghai.

Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin tafiya. Ka rubuta sunanka da lambar fasfo daidai yadda suke a fasfo, harafi da harafi. A tasha kada ka bi layin na'urar da 'yan ƙasa suke ɗora katinsu idan ta ƙi karanta fasfonka. Akwai layi a gefe inda ma'aikaci yake dubawa da hannu. Ka isa da aƙalla minti 40, domin ana binciken kaya kuma ana rufe ƙofa 'yan mintuna kafin jirgi ya tashi.

Ga tarko guda da ya kama mutane da yawa: akwai Suzhou biyu idan aka rubuta da haruffan boko. Wadda kake nema tana lardin Jiangsu, ana rubuta ta 苏州. Ɗayar tana lardin Anhui, nesa sosai. Ka duba rubutun kafin ka biya.

Masauki kuwa, ka tabbatar yana karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, domin doka ta ce a yi wa baƙo rajista da 'yan sanda cikin awa 24, kuma masaukin ne yake yi. Wasu ƙananan gidaje ba su saba ba, sai su mayar da kai da daddare. A Wuzhen ka kama ɗaki a cikin Xizha, wato ɓangaren yamma. Ana karɓar baƙi a babbar cibiya da ke ƙofar shiga, su kai maka jakarka har gidan da za ka kwana. Ya fi na waje tsada. Idan aljihu bai kai ba, akwai masaukai masu sauƙi a wajen ƙofa, amma za ka rasa abin da zan faɗa a mataki na 5. A 'yan shekarun nan kuɗin shiga Xizha yuan 150 ne, Dongzha (ɓangaren gabas) 110, na haɗe 190; ka duba farashin ranar kafin ka tafi.

4. Fara da Dongzha da rana, saboda marina

Ka isa Wuzhen wajen azahar ka fara da Dongzha, ɓangaren gabas, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 2001. Ƙarami ne, kuma gidajen tarihinsa suna rufewa da yamma, shi ya sa za ka fara da shi. Akwai gidan da aka tara tsofaffin gadajen kwana na katako, wasu kamar ɗaki guda ne da ƙofa da baranda, duk an sassaƙe su. Akwai gidan sassaƙa, akwai gidan da marubuci Mao Dun ya tashi. Waɗannan ka ba su minti goma-goma. Inda za ka daɗe shi ne marinar Hongyuantai.

Tun daga tsakar gida za ka ga dogayen sanduna da aka kafa sama, an rataye yadudduka shuɗaye masu farin zane suna lilo har ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Mata a Kano zai gane warin tun kafin ya ga tukunyar, domin shunin tsiro ne, kuma yadin yana fitowa kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Bambancin yana wurin fitar da zane. Su ba ɗauri suke yi ba. Takarda mai kauri suke shafewa da mai don kada ruwa ya ci ta, su huda zanen furanni ko tsuntsaye a jikinta da 'yar wuƙa. Sai a shimfiɗa ta a kan farin yadin auduga, a kwaɓa garin waken suya da farar ƙasa, a shafe ta cikin hudojin da faffadar wuƙa. A ɗaga takardar, a matsa gaba, a sake. Idan ƙullin ya bushe, wanda yakan ɗauki kwanaki, sai a tsoma yadin a baba, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, har launin ya kai yadda ake so. Daga nan a kankare busasshen ƙullin, inda ya rufe ya fito fari.

Ka tsaya ka kalli hannun mai shafa ƙullin, musamman inda yake haɗa ƙarshen zane da farkon na gaba. A nan ƙwarewa take. Idan ka tarar ba a aiki a ranar, akwai wata marinar a Xizha mai suna Caomu Bense, inda ake rini da wasu tsirrai ban da baba.

5. Kwana a ciki, ka fita da asuba

Wajen la'asar ka koma Xizha, akwai motar da ke jigila tsakanin ɓangarorin biyu. Ka ajiye kaya, ka huta, ka fito dab da magariba lokacin da ake kunna fitilun da aka ɓoye a ƙarƙashin rufi da bakunan gadoji. Dare yana da kyau, amma kowa ma dare ya zo gani.

Ribar kwanan ita ce safiya. Ana cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. A nan kam wurwurin ne ya yi nasara. Bayan ka yi sallar asuba ka fita. Daga wayewar gari har wajen ƙarfe takwas da rabi, kafin a fara shigo da masu tikitin yini, daga kai sai masu shara da masu kwalekwalen da ke kwashe ganye daga ruwa. A lokacin ne za ka iya tsayawa a kan gada minti biyar ba wanda ya ture ka. Ka taka har ƙarshen yamma, inda gadojin Tongji da Renji suka haɗu a kusurwa, ta cikin bakan kowacce kana hango ɗayar. Gaba kaɗan akwai hasumiyar Bailian, daga samanta za ka ga babbar hanyar ruwan nan da manyan jiragen dakon kaya suna wucewa har yau.

6. Yadda ake kallon gini

Wannan shi ne matakin da yake raba wanda ya je ya gani da wanda ya je ya ɗauki hoto kawai. Ka fara daga ruwa ka yi sama.

Matakala: kowane gida yana da matakalar dutse da ta gangara cikin ruwa. Nan ake wanki, nan ake sauke kaya, nan ake sayen kifi da ganye daga mai kwalekwale. Faɗinta yana nuna ƙarfin mai gidan. Mai hawa biyu, hagu da dama, yawanci ta shago ce ko ta jama'a. A jikin bangon dutsen bakin ruwa ka nemi ƙananan duwatsu masu huda, nan ake ɗaure igiyar jirgi, wasu an sassaƙa su da siffar fure ko dabba. Mutane dubu za su wuce ba su lura da su ba.

Ginshiƙai: a Wuzhen ɗakunan baya da yawa sun turo kan ruwa, an tokare su da ginshiƙan dutse ko na katako. Fili ya yi ƙaranci a bakin ruwa, sai aka ci sararin samansa.

Bango da rufi: farin bango, baƙin rufin gasasshen yumɓu. Bangon da ke raba gida da gida yana zarce rufi a tsawo, yana sauka mataki-mataki. Ba ado ba ne kawai. Gidajen katako ne a manne da juna, wannan bangon shi ke tare gobara kada ta tsallaka.

Cikin gida: fuskar gidan siririya ce, tsawon yana ciki. Za ka shiga zaure, ka fita 'yar tsakar gida, ka shiga falon baƙi, ka sake fita wata tsakar gidan, haka har ɓangaren iyali a can ƙurya. Ƙananan tsakar gidan nan su ke kawo haske da iska, su tattara ruwan sama. Duk lokacin da ka wuce wata ƙofa, ka juya ka dubi bayanka. Sassaƙar tubali mafi kyau a saman ƙofa tana kallon ciki ne, mai gida ke ganin ta daga inda yake zaune, mai wucewa a lungu ba ya ganin komai sai farin bango. Attajiran ba sa son dukiyarsu ta ja idon hukuma ko ɓarawo. Misali mafi girma shi ne gidan Shen a Zhouzhuang, wanda aka gina a 1742, mai tsakar gida bakwai da ɗakuna sama da 100. Dokin ƙofa a irin waɗannan gidaje yana da tsawo. A tsallake shi ake yi, ba a taka shi, kuma ba a zama a kansa.

Gadoji: mai baka an yi ta ne inda manyan jirage ke bi, shimfiɗaɗɗiya kuma a kan ƙaramin reshe. A gefen wasu akwai rubutu a tsaye hagu da dama da baka, wanda sai daga cikin jirgi ake iya karanta shi.

7. Hawa kwalekwale

Ka sayi tikiti a rumfar hukuma da ke mashiga, kada ka yi ciniki da wanda ya tare ka a hanya. Akwai kuɗin kujera, akwai shatar jirgi sukutum. In kun kai mutum biyar ko shida shatar ta fi. Tafiyar minti ashirin ce zuwa talatin. Matuƙi yana tsaye a baya da dogon filafili guda yana murza shi hagu da dama, don haka jirgin yana rangaji. Ku shiga ɗaya bayan ɗaya, ku raba nauyi, kada kowa ya miƙe don hoto a ƙarƙashin gada. A Zhouzhuang mata ne da yawa suke tuƙi, sanye da rigar shuɗin yadin nan, kuma sukan yi waƙa idan an ba su ɗan tukuici.

Ka hau jirgin bayan ka zagaya da ƙafa, domin a lokacin ka san abin da kake nema. Ka zaɓi mai zuwa kawai, ka sauka a ɗaya ƙarshen.

8. Abinci da salla

Nan ka buɗe ido. Abincin da garuruwan nan suke alfahari da shi yawanci naman alade ne. Jan naman da za ka ga an jera yana ƙyalli a kowane shago a Zhouzhuang ƙafar alade ce. Ƙunshin shinkafa a ganye na Zhujiajiao da alade a cikinsa. Har kayan zaƙi ba su tsira ba, domin da kitsen alade ake yin da yawansu, ciki har da ɗan biskit ɗin gargajiya na Wuzhen. Naman tunkiyar Wuzhen da ake yabo kuwa ba yankan Musulmi ba ne, kuma giyar shinkafa tana cikin kayan girkin yankin, har a kifi. A Dongzha akwai gidan da ake dafa giya, ana miƙa wa masu wucewa ɗanɗano a ƙaramin kofi. Ka ɗaga hannu ka wuce.

Ka adana waɗannan a wayarka don nunawa: 清真 shi ne tambarin halal, 我不吃猪肉 ba na cin naman alade, 猪油 kitsen alade, 料酒 giyar girki. Mafita mafi sauƙi ita ce shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin arewa maso yammacin ƙasar, galibi masu koren allo. A cikin tsohon garin da wuya ka samu, amma a sabon garin da ke kewaye da shi, ko kusa da tashar mota, ba a cika rasa su ba. Ka ci ka ƙoshi kafin ka shiga. A ciki kuma dafaffen ƙwai, masara, dankali, 'ya'yan itace da guzurinka sun isa. Shayi ka sha son ranka: koren shayin Biluochun na Suzhou, da shayin farin fure na Tongxiang.

Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata zuwa dama. Jiki ya saba da gabas, don haka ka duba manhaja. Kai matafiyi ne, ƙasaru da haɗa salla sun sauƙaƙa maka. Ka yi a ɗakinka maimakon a bakin hanya inda za a taru ana ɗaukar ka hoto. A Suzhou akwai masallacin Taipingfang a unguwar Shilu, da wuraren cin abinci na halal kusa da shi. A Hangzhou akwai tsohon masallacin Fenghuang a titin Zhongshan.

9. Suzhou da Tongli

Daga Wuzhen akwai bas zuwa Suzhou, kamar awa ɗaya da rabi. Suzhou babban birni ne, an kafa shi tun shekara 514 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tsohon garin yana nan a kan tsarinsa: titi da hanyar ruwa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Taswirar da aka sassaƙa a dutse a 1229 ta nuna titin Pingjiang a inda yake yau. Ka bi shi da yamma, amma ka riƙa kutsawa lungunan gefe, can mutanen gari suke. Titin Shantang, wanda mawaƙi Bai Juyi ya sa aka haƙa ruwansa a 825 lokacin yana gwamnan birnin, farkonsa shaguna ne da hayaniya. Ka wuce su ka ci gaba. Idan kana da sauran ƙarfi ka je ƙofar Panmen, inda ƙofar ƙasa da ƙofar ruwa suke gefe da gefe a jikin ganuwa.

Lambunan Suzhou tara ne a jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Ɗaya ya ishe ka, biyu in ka matsa. Zhuozheng, wanda wani jami'i mai suna Wang Xianchen ya fara ginawa a 1509, shi ne mafi girma. Ka yi rajistar tikiti tun ana gobe za ka je, ka kasance a ƙofa lokacin buɗewa. Ni na fi son Wangshi, ƙarami ne, kuma a ƙaramin fili ne ake ganin dabarar: hanya ba ta miƙewa, kowace taga an yanka ta ne don ta kama wani abu, ba inda za ka tsaya ka ga lambun gaba ɗaya. Ka zauna wuri guda minti goma kafin ka matsa. Gidan tarihin Suzhou, wanda I. M. Pei ya zana aka buɗe a 2006, yana maƙwabtaka da Zhuozheng; kyauta ne, amma sai da rajista, kuma Litinin yakan kasance a rufe.

Washegari ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4 har ƙarshensa, Tongli, sai 'yar gajeriyar mota zuwa tsohon garin. Hanyoyin ruwa 15 sun raba shi tsibirai bakwai. Ka nufi lambun Tuisi, wanda Ren Lansheng ya gina tsakanin 1885 da 1887 bayan an tuɓe shi daga muƙaminsa. Ɗakunansa sun kwanta dab da ruwa kamar suna iyo. Sannan ka zagaya gadoji ukun nan, Taiping, Jili da Changqing, waɗanda mutanen garin suke hayewa ranar aure. Tsofaffin da ke zaune a ƙofar gidajensu ba kayan kallo ba ne. Ka nuna kyamara ka jira su gyaɗa kai. Kai ma za a nemi hoto da kai, musamman in ka sa kaftani da hula. In ba ka so, murmushi da girgiza kai sun wadatar.

10. Sayen tsaraba

Kai ɗan kasuwa ne, ka san rabin abin da ke kan teburan nan daga Yiwu aka kawo shi, inda ka baro shi a rubu'in kuɗin. Abu uku ne suka cancanci kuɗinka.

Shuɗin yadi: na hannu yana da siraran jijiyoyi shuɗaye a cikin farin zanen, inda busasshen ƙulli ya tsage baba ya shiga. Na inji farinsa tas yake, zanen kuma ko'ina iri ɗaya. Ka saya a marinar kanta. Wankin farko ka yi masa shi kaɗai da ruwan sanyi, zai zuba.

Surfanin siliki na Suzhou: masu yin sa suna tsaga zare guda gida goma sha shida ko fiye, kuma akwai mai fuska biyu wanda gaba da baya duk a gyare suke, ba ƙulli ko ɗaya. Ka karkata shi ga haske. Na hannu ƙyallinsa yana sauyawa saboda zaren yana bin siffar abin da aka zana. Ka kula da wanda aka buga hoto a yadi sannan aka ɗan bi samansa da zare. In da gaske kake, ka je garin Zhenhu a yammacin birnin, titi guda ne na masu wannan aiki, kana ganin su a kan aikinsu. Babban aiki na hannu yana cin watanni, don haka arha mai yawa alama ce.

Yadin siliki: ka roƙi a zare maka zare ɗaya daga gefe a ƙona. Na gaske yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murƙushewa a yatsa. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Mai shagon da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa. In ka fara shiga gidan tarihin siliki na Suzhou kafin kasuwa, hannunka zai san abin da yake taɓawa. Wannan tsarabar ta uwargida ce da su Hajiya, tunda malamai sun yi magana a kan sanya siliki ga maza.

A kan tebur ana ciniki, a shagon gidan tarihi farashi ɗaya ne. Surfanin da ke cikin gilashi ka ce a cire maka shi a naɗe a kwali, ka sa masa firam a gida.

11. Komawa

Daga Suzhou zuwa tashar Hongqiao ta Shanghai kamar rabin awa ne a jirgi mai gudu, kuma jiragen suna tashi a kai a kai. Birnin yana da tasha fiye da ɗaya; wadda ake kira Suzhou kawai ita ce a bakin tsohon gari, ta Arewa tana da nisa, don haka ka duba wadda ke kan tikitinka kafin ka kira tasi. Idan Yiwu za ka koma, akwai jirage kai tsaye daga Hongqiao. Idan gida za ka wuce ta filin jirgin Pudong, ka tuna yana ɗaya ƙarshen Shanghai: sabon layin da ya haɗa filayen jiragen biyu yana ɗaukar kusan minti 40, layi na 2 na ƙarƙashin ƙasa kuwa ya haura awa guda. Ka bar Suzhou aƙalla awa shida kafin tashin jirginka.